Mashigan ruwan Birtaniya da tunanin da suke tayarwa

Shirye-shiryen talabijin kan tafiya a mashigan ruwa, wato hanyoyin ruwan da ɗan'adam ya haƙa domin jigilar kaya, sun samu karɓuwa a Birtaniya fiye da yadda aka zata, duk da cewa kusan babu abin da ke faruwa a cikinsu sai jirgi yana tafiya a hankali tsakanin gonaki da tsofaffin gadoji. Wanda ya fi shahara shi ne Great Canal Journeys, wanda tashar More4 ta kamfanin Channel 4 ta fara nunawa a 2014, inda ma'aurata biyu da suka tsufa a wasan kwaikwayo, Timothy West da Prunella Scales, ke tuƙa siririn jirginsu. A 2015 kuma tashar BBC Four ta nuna tafiyar awa biyu a mashigin Kennet da Avon ba tare da kiɗa ko mai sharhi ba.

Waɗannan hanyoyi an haƙa su ne domin kasuwanci. A 1761 aka buɗe mashigin Bridgewater, wanda James Brindley ya yi aikin injiniyansa, domin ɗauko kwal daga Worsley zuwa Manchester, kuma farashin kwal a birnin ya ragu da kusan rabi, saboda doki ɗaya da ke tafiya a gefen ruwa yana iya jan jirgi mai ɗauke da tan 30. Inda ƙasa ke da tudu, sai aka gina matakalar ruwa, wani ɗaki mai ƙofa a gaba da baya wanda ake cika shi ko a rage ruwansa domin jirgi ya hau ko ya sauka. Ƙanƙantar waɗannan ɗakuna ce ta sa faɗin jiragen bai kai ƙafa 7 ba, alhali tsawonsu kan kai ƙafa 70. Daga baya jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace cinikin, sannan sanyin hunturun 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwan tsawon makonni, ya kusan gama da abin da ya rage. Masu sha'awa ne suka ceto hanyoyin, musamman bayan littafin L. T. C. Rolt na 1944 da kafa ƙungiyar Inland Waterways Association a 1946, har suka zama wurin hutun iyalai.

Wannan tarihi ne ya bayyana dalilin da ya sa shirye-shiryen ke tono abin da ya kwanta a zuciyar masu kallo. Masana halayyar ɗan'adam, ciki har da Endel Tulving, sun nuna cewa abin da aka adana a ƙwaƙwalwa ya fi saurin dawowa idan mutum ya sake haɗuwa da alamun da ke tattare da shi a ranar farko, kuma mashigin ruwa wuri ne da alamunsa ba su cika sauyawa ba, domin gadar bulo da ƙofar katako da hannun ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa suna nan yadda yaro ya gan su shekaru 50 da suka wuce. Bincike ya kuma nuna cewa manya sun fi tuna abubuwan da suka same su tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwa, wanda shi ne lokacin da wasu daga cikin masu kallon suka yi irin wannan hutu. Gudun jirgin, da ƙa'ida ta kayyade a mil 4 cikin awa, yana bai wa tunani sararin yawo wanda shiri mai saurin sauya hoto ba ya bayarwa.

A shirin Channel 4 batun ya fi haka nauyi, domin a lokacin Prunella Scales tana fama da cutar mantuwa, kuma ba a ɓoye hakan ga masu kallo ba. Tun ƙarni na 19 masani Bafaranshe Théodule Ribot ya lura cewa sabon tunani ne ke fara gushewa, tsohon kuwa ya daɗe, haka ma ƙwarewar hannu da aka saba da ita. Shi ya sa mai wannan cuta kan iya riƙe igiya ko tura ƙofar matakala daidai, ko da abin da ya faru da safe ya kuɓuce masa. Ma'auratan sun bar shirin a 2019, West kuma ya rasu a Nuwamban 2024.

Sai dai begen da irin waɗannan shirye-shirye ke tayarwa yana da zaɓe. Abin da ake tunawa hutu ne, alhali iyalan da suka yi aikin jigila a ƙarni na 19 sun rayu ne cunkushe a ɗaki ɗaya ƙarami a bayan jirgi, yaransu na aiki maimakon zuwa makaranta, har sai da fafutukar George Smith na Coalville ta kai ga dokar jiragen mashigi ta 1877. A yau hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin a Ingila da Wales, kuma a Landan da yawa daga masu zama cikin jirgi tsadar hayar gida ce ta kai su can.