Dutsin da wuta tad ɗauko daga cikin ƙasa

Watan jiya wani saurayi na ajinmu na yaƙi da jahilci yak komo daga haƙar zinariya arewacin Agadas. Yaz zo da baƙin dutsi mai nauyi. Cikinai akwai wani curi tsanwa, ƙwayoyinai kamar na hatsi, suna walƙiya. Yac ce: "Malam, arziki na. Raƙumin babana za mu saidawa in koma." Nic ce ya dakata mu bincika tukuna. Ga abin da munka samo.

Baƙin dutsin, da can ruwan wuta na, wanda zahinai ya wuce digiri 1000. Ƙasar Abzin, wajen Todra, akwai tsohin duwatsu masu aman wuta hiye da 100. Sa'ad da ruwan wutar ka tasowa daga ƙalƙashin ƙasa, shina ɓantarar dutsin da yat tarar bisa hanya, kamar yadda ruwan korama ka yaye gaɓa. In ya taso da sauri, ɓantaren ba ya narkewa, sai ya tsaya kamar gudajin hura cikin nono. Ana samun irin wanga curi Abzin, da Hogar ta Aljeriya, da Biu ta Najeriya.

Tsanwar ƙwaya, masana na ce mata olibin. Abu ukku sunka haɗu cikinta: manyeziyom, da ƙarhe, da silika irin wadda ac cikin rairai. In an ga ƴan baƙaƙen ƙwayoyi da aka kira sifinel tare da ita, curin ya hito daga zurhin kilomita 30 zuwa 80. Ramin da yah hi zurhi da ɗan Adam yat taɓa ginawa, can Rasha, kilomita 12 ɗai yak kai. Ga mai bincike, curin na da daraja, don shi ka nuna mai abin da ac cikin ƙasa. Ga kasuwa ko, sai babbar ƙwaya garai-garai ka yin kuɗi. Ƙanana ba su sayen ko akuya.

To, duwatsunmu na Madawa da Buza da Kaita hwa? Ba wuta tay yi su ba. Baƙi-baƙin da ab bisa tudu marmara ta, mai tama, wadda maƙeran da sunka narke. Hwarin da aƙ ƙalƙashinta, teku ta aje shi shekaru wajen miliyan 60 da sunka wuce. Shi yas sa muka tsintar ƙwaryar dodon koɗi cikinai. Ku daka shi, ku ɗiga mai lemun tsami, za ku ga kumhwa. Da irinai aka yin siminti Malbaza. Tun 1984 kuma, da duwatsun tudu mutanen Kaita sunka yi ta tare ruwa, har gonaki sunka dawo.

Saurayin ya hwasa saida raƙumi. Ƴan'uwa, kowa yat tsinci dutsin da bai sani ba, ya tambaya kahin ya taɓa dukiyar gida.