Dangantakar Maganin Ƙwari da Gigin Tsufa

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan dattijo ya fara kiran jikansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, ko ya fita gida ya kasa gane hanyar komowa, sai a ce gigin tsufa ne ya kama shi, a ɗauka abu ne da yawan shekaru ya gada. Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa wannan hali cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Nau'inta da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a shekarar 1906. Manufar wannan maƙala ita ce duba ɗaya daga cikin abubuwan da masana ke zargi da share wa cutar fage, wato maganin ƙwari da ake fesawa a gonaki da gidaje da rumbuna.

Yadda Maganin Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa, waɗanda ke miƙa wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne asetilkolin, wanda ke da babban matsayi wajen koyo da riƙe abu a ka. Da zarar ya isar da saƙonsa, akwai wani sinadarin da ke rusa shi domin hanya ta buɗe wa saƙo na gaba. Magungunan rukunin organofosfet, waɗanda fiya-fiya ke cikinsu, suna ɗaure wannan mai rusawar ne, sai saƙo ya yi ta maimaituwa har ƙwaro ya yi ta makyarkyata ya mutu. To, jijiyar ɗan Adam ma da wannan tsari take aiki. Shi ya sa wanda ya shaƙi maganin da yawa yakan kama zufa da dalalar miyau da amai da sarƙewar numfashi. Abin lura kuma shi ne, ƙwayoyin da ke amfani da asetilkolin suna cikin waɗanda cutar Alzheimer ke lalatawa tun da wuri.

Rukuni na biyu shi ne irin su DDT, wanda Amurka ta hana amfani da shi a gonaki a 1972. Shi wannan ba ya saurin barin jiki, yakan maƙale a cikin kitse shekara da shekaru, ita kuwa ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai yawan kitse.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 2010 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a jihar Utah ta Amurka a kan tsofaffi fiye da 3,000. An gano cewa waɗanda suka yi mu'amala da maganin ƙwari a sana'arsu sun fi sauran kamuwa da gigin tsufa. Haka kuma a 2014 masana daga Jami'ar Rutgers sun auna jinin masu cutar Alzheimer, suka sami burbushin DDT da ya kusa ninka na masu lafiya sau 4. Hujja ta fi ƙarfi a kan cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, wani lokaci kuma ta kai ga ruɗewar tunani. Tun 2012 Faransa ta amince da ita a matsayin cutar da aikin feshi ke jawo wa manoma.

Sai dai haɗuwar abu biyu a wuri ɗaya ba ta isa a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Yawan shekaru da gado da hawan jini da ciwon sukari da shan taba duk suna da nasu rabon. Abin da za a iya cewa shi ne, daɗewa ana hulɗa da maganin yana iya ƙara haɗarin.

Halin da Ake Ciki a Ƙasar Hausa

Wannan batu bai tsaya ga ƙasashen Turai da Amurka ba. Sau da yawa akan ga manomi yana dama magani da hannu, ya goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, bayan ya gama kuma a ɗauraye jarkar a zuba ruwan sha. Wasu 'yan kasuwa ma sukan yayyafa wa wake fiya-fiya don kada ƙwari su huda shi. Saboda yawan burbushin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, alhali irin wannan waken ne ake dafawa a gidajen jama'a.

Kammalawa

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba, saboda haka maganar Hausawa cewa rigakafi ya fi magani ta dace da wannan wuri. Mai feshi ya rufe jikinsa da hancinsa, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama, kada kuma ya sa yara aikin. Hatsi kuwa ana iya adana shi a buhun da iska ba ta shiga ba tare da an zuba masa kome ba. Ɓarnar ƙwari a gona ana ganin ta cikin damina ɗaya, amma wadda magani zai iya yi wa ƙwaƙwalwa ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.