Awo Kafin Almakashi

Idan ƙaramar salla ta matso, shagon tela ba ya rabuwa da masu dogon bayani. Mutum zai shigo da shadda yadi biyar a leda, ya fara daga yadda ya sayo ta a Kantin Kwari, ya faɗi nawa aka bar masa, ya kawo ƙorafin ɗinkin bara da wuya ya shaƙe shi, sannan daga ƙarshe ya ce kaftani da wando yake so. Tela yana ji yana gyaɗa kai, amma abin da ke shiga littafinsa kaɗan ne: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya. Kuma ba ya ɗaukar almakashi sai ya shimfiɗa yadin ya ja layi da alli, domin abin da aka yanke ya yanku.

Haka tambayar lissafi mai zuwa da labari take, irin wadda ɗalibanmu ke karo da ita a JAMB da WAEC da NECO. Yaro ya iya tarawa da rabawa, ya haddace ƙa'idoji, amma da an ce wani ɗan kasuwa ya saya ya sayar, sai kansa ya ɗaure. Abin yana damuna ƙwarai, domin yawancin yaran nan ba lissafin ne ya gagare su ba. Sauri suke yi su yanka kafin su auna.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya sayar da kaya naira 6,000, ya ci ribar kashi 20 cikin ɗari. Nawa ya sayo kayan? Mai gaggawa zai hango lambobi biyu ya haɗa su nan take: kashi 20 na 6,000 shi ne 1,200, a cire, saura 4,800. Sau da yawa zai tarar da irin wannan amsa tana jiransa cikin amsoshin da aka jero masa ya zaɓa, domin masu tsara tambaya sun san inda ƙafa ke zamewa. Sai ya danna, hankalinsa kwance. Alhali riba a kan uwar kuɗi ake lissafa ta, kuma uwar kuɗin ita ce abin da ba a sani ba. A ba ta suna, a ce x. Ita da kashi 20 nata su ne suka tashi 6,000, wato 1.2x = 6,000, amsa 5,000. Layi ɗaya ne a takarda, amma shi ne allin.

Sannan tela ba ya sallamar mai kaya sai an gwada riga a jiki. A mayar da 4,800 cikin labarin: ribarta 960, jimla 5,760, ba ta kai ba. A mayar da 5,000: riba 1,000, jimla 6,000, ta zauna daram. Wannan gwaji da wuya ya ci daƙiƙa goma.

Akwai kuma rikicin ma'auni. Wanda ya san inci 36 ne yadi ɗaya ba ya cakuɗa su, amma ɗalibi sai ya ga mota mai gudun kilomita 60 a awa ta yi tafiyar minti 45, ya buga 60 sau 45 ya samo 2,700, bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai motar da ta taɓa yin haka ba. Minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa, tafiyar kilomita 45 ce.

Za a ce ina lokacin duk wannan? Gaskiya ne, a jarrabawar JAMB tambaya 180 ake amsawa a kwamfuta cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan idan an raba daidai. Shi ya sa ba a zauren jarrabawa ake koyon awo ba. Tun da watanni, ɗalibi ya ɗauki tsofaffin tambayoyi, ya karanta kowace sau biyu, ya fara rubuta abin da ake nema kafin abin da aka bayar, ya faɗi labarin da Hausa da bakinsa kamar yana gaya wa ƙaninsa. A makonnin farko ya ajiye agogo gefe. Sai hannu ya faɗa, sannan ya soma auna kansa da lokaci, tambaya goma cikin minti goma, yana ragewa a hankali.