Jarabar Taramol da Kodin, da Yadda Ake Maganinta

Yau maganarmu a kan ƙwayar nan ce da samari ke kira taramol, da ruwan maganin tari mai kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana yin na tarin tun 2018, amma ƙwayar tana nan hannun 'yan tebur. A nan Watari sau da yawa ta gona take shigowa: ɗan ƙwadago ya haɗiyi ɗaya da asuba don ya yini dashen shinkafa bai gaji ba. Wadda likita ke bayarwa mai lamba 50 ce, ta kasuwa kuwa har mai 225 akwai.

To, jiki yana sabawa da ita. Ran da bai samu ba, sai hamma, da hawaye, da majina, da zawo, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan kawo wuƙa, barci ya gagara. Wannan cuta ce, watau magani take so. Na ga uban da ya sa wa ɗansa mari wata guda. Da aka kwance shi, ya koma ya sha yawan da ya saba. Ashe jiki ya manta, sai numfashi ya tsaya. Allah ya jiƙansa.

Akwai magunguna biyu, metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin magungunan dole tun 2005. Dangin ƙwayar ne, amma aikinsu a hankali yake. Ana sha sau ɗaya a yini a gaban ma'aikaci, kwaɗayin ya kwanta, mutum ya tafi gonarsa cikin hankalinsa. Wasu kan ce ai ƙwaya aka musanya da ƙwaya. Ni dai nakan ce su dubi wanda ya koma ciyar da iyalinsa.

Ba mu ajiye waɗannan a ɗakin shan magani na ƙauye. Ku kawo yaron, ku zo da kwalin abin da yake sha, mu rubuta muku takarda zuwa Asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, likita ya duba abin da ya dace da shi. In kuwa kun tarar ya suma, numfashi na ja da ƙyar, kada ku ɗura masa madara ko manja. Ku kwantar da shi a gefensa, ku nemi mota nan da nan, gama akwai allurar da ake kira naloksan mai farfaɗo da shi.