Osiris: Rigimar Gadon da Misirawan Dā Suka Mayar Ibada

Cikin gumakan da mutanen Masar ta dā suka bauta wa, da wuya a sami wanda ya shiga zukatan talakawa kamar Osiris, domin labarinsa rikicin cikin gida ne da kowa ya san irinsa.

A ƙissar tasu, Geb mai riƙe da ƙasa da Nut mai riƙe da sama sun haifi 'ya'ya huɗu: Osiris, Set, Isis da Neftis. Osiris ya auri 'yar'uwarsa Isis, ya hau sarauta. Hassada ta ci Set, ya kashe shi. Marubucin Girka Fulutak ya ruwaito cewa gida 14 Set ya daddatsa gawar, ya watsar a faɗin ƙasa. Isis ta bi lungu-lungu tana tattarawa, kuma a ruwayoyin Misirawa Neftis ce ta taya ta, alhali matar Set ce. Bayan haka Isis ta haifi Horus, ɗan Osiris, ta rene shi a ɓoye cikin fadamun arewacin Masar.

Da yaron ya girma sai aka shiga shari'a: ɗan'uwan mamaci zai gaje shi ko ɗansa? Wani rubutu na zamanin Ramses na 5 ya ce shekara 80 aka yi ana tafka ta kafin Horus ya yi nasara kan baffansa. A ganina nan ne zuciyar labarin. Da shi aka kafa hujjar cewa ɗa ke gadon uba, shi ya sa ake ɗaukar Fir'auna mai ci a matsayin Horus, mahaifinsa da ya rasu kuma Osiris, sarkin matattu.

Cibiyar bautarsa ita ce Abidos, inda aka ɗauki kabarin wani tsohon sarki, Djer, a matsayin nasa. Har yau fasassun tukwanen hadayar masu ziyara na jibge a wurin. A watan Khoiak, bayan ambaliyar Nilu ta janye, sai a cuɗa laka da ƙwayar sha'ir a yi siffar Osiris, a riƙa ba ta ruwa har ta tsiro kore shar. Manomi na ganin tsiron ya san matacce ya tashi. An sami irin wannan siffa a kabarin Tutankhamun da aka gano a 1922.

Haikalin da Seti na 1 ya gina a Abidos fiye da shekara 3,000 da suka wuce yana nan tsaye a lardin Sohag, da launin zanensa a bango.