Daga Kasuwa Zuwa Bola: Kayan Miyan Da Muke Asara A Gidajen Zango

Duk wanda ya leƙa bola a Nima ko Mamobi ko Aboabo ta Kumasi da sassafe zai ga abin da ba ya so ya gani: ruɓaɓɓen tumatir, albasar da ta tsiro, ayoyo da ya narke cikin leda, da agaden da ya baƙe tun ba a kai ga soya shi ba. Waɗannan duka kuɗi ne, kuma kuɗin cefane ne da maigida ya ƙirga ya bayar, uwargida ta sha rana ta yi ciniki a kansu. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi. Ba sai mun je nesa ba, namu rabon yana nan ƙarƙashin teburin kicin.

Ya kamata mu tuna cewa kayan nan ba su iso hannunmu da sauran ƙarfi ba. Yawancin albasar da ake sayarwa a Ankara daga Nijar take zuwa, ƙasar Galmi da kewaye, ta yi kwanaki a bayan babbar mota. Tumatir kuwa, lokacin rani daga Burkina Faso 'yan kasuwa kan ɗauko shi a manyan akwatunan katako, na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama. Saboda haka wanda ya saye shi ya jibge yadda ya zo da shi, ya riga ya yanke masa hukunci. Abin farko da zarar an shigo gida shi ne a zazzage, a ware mai rauni a dafa shi yau, domin guda ɗaya da ya fashe shi ke shafa wa sauran fumfuna. Kada kuma a wanke sai an tashi amfani, don ruwan da ya kwanta a jiki shi ne mafarin ruɓa.

To, da yawa cikinmu sun ɗauka cewa mai firji ya rabu da wannan damuwa. Shekarun ɗauke wuta da aka yi wa laƙabi da dumsor, musamman 2015, sun isa su koya mana darasi. Amma ko da wuta ba ta ɗaukewa, ba kowane abu ne ke son sanyi ba. Tumatir idan ya jima a sanyin da ya gaza digiri 12 yakan rasa ɗanɗanonsa ya yi lagwab. Ayaba da agade baƙi suke yi, doya da dankali su lalace daga ciki. Su waɗannan inuwa suke so da iska, a kwando ko a kan katako, ba a dandaɓar ƙasa ba. Firji na ganye ne da karas da kabeji da abin da aka riga aka yanka.

Akwai kuma wani abu da iyayenmu mata suka sani ba tare da sun san sunansa ba. Nunanniyar ayaba da mangwaro da fiya da tumatir suna fitar da wata iska marar launi da masana ke kira etilin, wadda ke gaggauta nunar duk abin da ke kusa. Shi ya sa in ana son ɗanyar fiya ta nuna sai a rufe ta tare da ayaba. Amma fa dalilin ke nan da kokwamba da ganye ke yin ɗorawa da wuri idan an haɗa su kwando ɗaya da kayan marmari. Raba su kawai yakan ƙara musu kwanaki. Ita albasa babbar abokiyar gabarta leda ce. A shanya ta ko a rataye ta inda iska ke ratsawa, nesa da dankalin Turawa.

Inda muke so mu ja hankali sosai shi ne dabarun da muka gada daga Arewa. Kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, gabu, duk busasshiyar iska ce ta haife su. Haka ita ma randar nan mai ciki biyu da Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana janye zafin ciki. An ba da rahoton yalo ya kai kwana 27 a ciki maimakon 3.

Sai dai sirrin yana ga bushewar ruwan. A Tamale ko Bolga ko Bawku, lokacin hunturu da bazara, wannan randa abin yi ce, ba ta kuma cin ko sisin kuɗin wuta. A Ankara ko Takoradi kuwa, inda iskar teku ke cike da laima, ruwan ba ya bushewa yadda ya kamata, sanyin kaɗan ne, wani lokaci ma fumfuna za ta jawo. Haka shanya: mun sha ganin kuɓewar da aka baza a kan rufi cikin watan Yuni ta yi baƙi kafin ta bushe. Wanda ke gaɓar teku ya bari sai Disamba ko Janairu in hunturu ya sauko, ya yanka siriri, ya kwashe kafin raɓar yamma. Barkono ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, kada a ce za a wanke, domin dafin da ke ciki yana taɓa hanta kuma dahuwa ba ta kashe shi.

A kudu, wuta ita ce ke maye gurbin rana, kuma maƙwabtanmu sun riga mu ganewa: dubi shito, wanda ake soyawa har ruwansa ya ƙone ƙurmus, shi ya sa yake jimawa. Lokacin da tumatir ya yi araha, a markaɗa shi zalla, ba albasa ba attaruhu, a dafa ya yi kauri. A zuba da zafinsa cikin tsabtatattun kwalabe, cokali biyu na ruwan lemun tsami ga kowace lita, a rufe gam, sannan a tafasa kwalaben nutse cikin ruwa minti 45. Kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya, ko ta yi kumfa da aka buɗe, ba a ɗanɗana ta.

Saura batun saye. Olonka cike ta fi araha, gaskiya ne, amma ba ga gidan mutum huɗu da zai zubar da rabi ba. A gidan haya mai ɗakuna goma, mata uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su ɗauki babban kwando ranar kasuwa, su raba a tsakar gida kafin azahar, kowacce ta ɗauki abin da tukunyarta za ta cinye kafin mako ya zagayo.