Lissafi da Allurar Rigakafi: Mutum Nawa ne Za Su Kare Gari?

Ɗalibi zai iya tambaya, mene ne haɗin lissafi da ƙyanda? Tun a 1927 wasu masana biyu a Birtaniya, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, masu ɗauke da cuta, da waɗanda suka warke. Daga nan aka samo adadin da ake kira R0, wato yawan mutanen da majinyaci ɗaya zai harba idan babu mai kariya a gari.

Ga ƙyanda, wannan adadi yana tsakanin 12 da 18. Mu ɗauki 15. A ce yaro ya kamu a wani ƙauye na Goronyo. Cutar ba za ta lafa ba sai 14 daga cikin 15 ɗin nan suna da kariya, kusan kashi 93 cikin 100 ke nan. To, allurar da ake yi wa jariri a wata 9 tana kare kimanin kashi 85 ne kawai, shi ya sa ake ƙara ta biyu a wata 15.

Sai dai lissafin farko ya manta cewa iyaye suna da zaɓi. A 2004 Bauch da Earn suka gyara wannan. Manomin albasa a Wurno da ya ga ƙyanda ta yi wuyar gani, zai auna wahalar zuwa asibiti da ɗan zazzaɓin bayan allura, ya ce 'ya'yan maƙwabta sun ishe shi garkuwa. A ganina ba wauta ba ce, lissafi ne na mutum ɗaya. Amma idan magidanta da yawa suka yi shi, garkuwar za ta fashe, jarirai 'yan ƙasa da wata 9 su fara shan wuya.

Mun gani a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa. Kafin 2006 cutar ta kai har Yaman da Indunisiya. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Malamai su gwada wannan a aji: ƙauyuka goma a Rabah masu jama'a daidai, tara an kare kowa, ɗaya rabi kawai. Matsakaicin ya kai kashi 95, amma a ƙauye na goma kowane majinyaci zai harbi mutum 7 ko 8.